Karena da Ƙarfe Uku da Rabi

Abubuwa da yawa sun faru da ni a garin Arlit waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma abin da ya shiga tsakanina da karena shekara guda bayan an rufe ramin Akokan, wannan kam ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, ba zan manta da shi ba. Ba don daɗinsa nake tunawa ba. Kunya na sha a tsakar gidana, a gaban baƙi, kuma matata ce ta shayar da ni ita da hannunta.

Ni mutumin Damagaram ne. Na zo arewa ina saurayi, na shiga aikin haƙar iraniyom a ƙarƙashin ƙasa, na yi ta yi har na zama shef, wato ni ke gaban ƙungiyar mutanen da muke sauka tare. Da aka rufe ramin a 2021 aka sallame mu, abokan aikina suka watse, wasu Maradi, wasu Tawa, wasu suka bi masu neman zinariya. Ni na ce ba inda za ni. Daga baya muka bar gidan kamfani muka koma wani ɗan gidan ƙasa a cikin Arlit, ni da matata da kare, don 'ya'yanmu mata biyu duk sun yi aure. Duk wanda ya zo yi mini jaje sai in yi masa dariya. "Jajen me? Ai hutu na samu. Na rabu da rami, na rabu da tashin dare, yanzu barci nake yi har rana ta dake ni." Haka nake faɗa a majalisa, haka nake faɗa a gida, na yi ta faɗa har ni ma na yarda.

Karen nan ba kwikwiyo ba ne, ya kai shekara bakwai a hannuna. Ja ne, dogo, siriri, irin na Abzinawa. 'Ya'yana suka sa masa suna Dinamit, wato nakiya, tun yana ƙarami, ko da yake a iya sanina tulu ɗaya kaɗai ya taɓa fasawa. Kare ne mai kamun kai. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar tabarmar salla, ba ya ɓata tsakar gida, in uzuri ya kama shi waje yake nema. Ina son sa ƙwarai, ko da yake a lokacin da za a tambaye ni cewa zan yi don gadi kawai nake ajiye shi.

Da bazara ta kama, ɗakin ƙasa ya zama tanderu. A gidan kamfani muna da klim, na'urar sanyaya ɗaki, mu rufe ƙofa mu kwana cikin sanyi. A nan babu, sai muka fito da gado tsakar gida kamar kowa. Dare na biyu ina cikin barci mai daɗi na ji ƙarar da na ɗauka ɓarayi ne suke ɓalle ƙofa. Ƙofar gidan ta kwano ce, ko kaza ta taɓa ta sai unguwa ta ji. Na zabura na haska fitila, sai ga Dinamit tsaye da ƙafafu biyu yana yaƙushin ta yana kuka ƙasa-ƙasa. Na duba montur ɗina, wato agogon hannu, ƙarfe uku da rabi. Na ce wayyo, cikinsa ne ya ɓaci, na buɗe masa na bi bayansa. Ya yi gudu har bakin kwalta, ya ɗan ɗaga ƙafa a gindin wani dutse, abin da bai kai cokali ba, sannan ya zauna. Ya dubi hanya, ya dube ni, ya sake duban hanya. Muka yi kusan minti goma a haka, ni da gajeren wando, shi da kunnuwa a miƙe, kafin na kora shi gida.

Washegari haka, jibi haka. Ƙarfe uku da rabi, ba ƙari ba ragi. Mutumin da ke yi wa jama'a alfahari da barci har hantsi, ga shi kowane dare a bakin kwalta yana gadin kare.

A kwana na biyar maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci. Tela ne, mutumin Tawa, katanga ɗaya ta raba mu, kuma mahaifiyarsa tsohuwa tana wurinsa. Ya ce, "Shef, mi ke hwaruwa gidanka? Kullum dare sai a tashe mu awa ana gyaran mota. Tsohuwa na da hawan jini, in ta hwalka ba ta koma kwana." Na ba shi haƙuri. Ya ce haƙuri akwai shi, amma ba shi da yawa. Daga ranar na san inda maganar ta dosa: ko dai Dinamit ya daina, ko kuma ya bar gidan.

Sai na ɗaura ɗamarar gyara shi, ni da na gyara ƙarti a ƙarƙashin ƙasa. Na fara da ruwa. Na ce tunda fitsari yake fakewa da shi, daga magariba babu sha. Na ɗauke kwanonsa na ɗora kan katanga. Uku da rabi ya buga ƙofarsa yadda ya saba, da asuba kuma na tarar ya ture butar alwalata ya lashe ta tas. Ana kiran salla ina tsugune ina wanke buta sau bakwai har da ƙasa, ina faɗin maganganun da bai kamata mai shirin salla ya faɗa ba. Na sauya lokacin abincinsa daga dare zuwa la'asar, bai hana ba. Na ce to gajiya ce maganinsa. Da yamma na ja shi muka yi ta tafiya har bayan gari, inda ake hango tsibin ƙasar da aka haƙo, muka zagayo ta kasuwa. Muka dawo shi yana kaɗa wutsiya, ni kuwa sai da matata ta shafa mini man zafi a gadon baya. Na kwanta kamar gawa. Uku da rabi ya tashe ni.

Maƙwabcina ya zo da nasa ilimin. Ya ce, "Wanga kare shina ganin abin da ba mu gani. Gidan ga ya daɗe ba kowa kahin ku shigo, wa ya san wanda kuka iske ciki?" Ya kawo mini wani ƙullin turare ya ce a banka da dare. Muka banka. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, na yi tari har hawaye, matata ta gudu zaure, sauro ma ya yi ƙaura. Dinamit ya yi atishawa biyu ya koma barcinsa, ya kuma cika alkawari a kan lokaci. A majalisa wani ya ce iraniyom ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wannan ban ɗauke shi da nauyi ba, don a Arlit ko tuwonka ya yi gudaji akwai wanda zai ce iraniyom ne.

Daga ƙarshe na kai shi wurin likitan dabbobi, wani dattijo da ya fi sabawa da raƙuma da awaki. Ya latsa cikinsa, ya buɗe bakinsa, ya duba idonsa, ya tambaye ni yawan fitsarin da yake yi in ya fita. Na ce bai kai cokali ba. Ya wanke hannu ya ce, "Malam, mafitsarar karen nan ta fi tawa lafiya. Ba ciwo ke tashinsa ba, wani abu ne yake ji ko yake gani a wannan lokacin. Ka hana idonka barci dare ɗaya, za ka kama shi."

Daren nan na sha shayi mai ɗaci kofi uku, na ajiye sanda a dama, fitila a hagu, na zauna kan kujera na zuba ido. Ƙarfe biyu, shiru. Uku, shiru. Uku da rabi na riƙe numfashi. Dinamit na kwance ya baje ƙafafu, har da ɗan minshari. Bai motsa ba sai da ladan ya kira. Dare na biyu na sake yin gadi, ya sake yin barcinsa lafiya lau. Dare na uku na ce alhamdu lillahi ya shiryu, na kwanta. Uku da rabi ƙofa ta ɗauki ƙara, na ji tsohuwar maƙwabci tana salati ta bayan katanga.

Da safe muna karin kumallo matata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ka lura kuwa? Daren da ba ka yi barci ba, shi ma ba ya tashi."

Na buga cinya na ce, "Yawwa! Ai abin da nake faɗa ke nan! Ya san ina kallonsa. Ashe ba ciwo ba ne, ba aljani ba ne, mugunta ce tsagwaronta. Jira yake in yi barci."

Ta buɗe baki, ta rufe, ta ce, "To." Yau na san nauyin wannan "to" ɗin, amma a ranar ɗauka na yi ta yarda da basirata.

Raina ya ɓaci sosai. A ganina kare da na raina tun idonsa bai gama buɗewa ba ya mai da ni abin wasa, ya kuma haɗa ni da maƙwabta. Ina da wani aboki Ba'abzine, makiyayi daga wajen Gougaram, yana kawo awaki da cuku kasuwar Arlit. Ya daɗe yana yaba karen, yana cewa dila ya addabi garkensa. Na aika masa ya zo ya ɗauka. Na gaya wa matata, ta ce in ƙara haƙuri. Na ce na yanke, kuma ni in na yanke magana ta yanku.  Daga daren nan dai na lura tana kwanciya da wayarta a ƙarƙashin matashi, na ɗauka saƙon 'ya'yanta take jira.

Ranar da abokina ya zo, da hantsi ne. Ya shigo da rawaninsa da igiya a hannu. Maƙwabcina ma ya leƙo, wai gaisuwa, amma na san zuwa ya yi ya ga tafiyar da idonsa. Muka zauna a inuwar rumfa, aka ɗora shayi. Dinamit na kwance can gefen randa inda ƙasa ke da sanyi, ya ɗora haɓa kan ƙafafu, bai san ana shirin raba shi da gida ba. Ina satar kallonsa zuciyata tana mini ciwo, amma na ɗaure fuska na shiga lissafa wa baƙi laifuffukansa, har da butar alwala.

Abokina ya miƙe yana kwance igiya, sai ga matata ta fito daga madafa da mayafinta, waya a hannu. Ita ba mai shiga zancen maza ba ce, shi ya sa kowa ya juyo gare ta. Ta gaishe su ta ce, "Ku yi haƙuri, kafin a ɗaure shi akwai wani bokal, wato muryar da aka naɗa a waya, da nake so ku saurara. Jiya da dare na ɗauka." Ta ƙara murya ta ajiye wayar kan tabarma.

Da farko wani gurnani ya fito, yana hawa yana sauka. Na ce, "Kun ji ko? Kun ji abin da yake yi?" Ta ce, "Wannan kai ne, Malam." Na ce ni ba na minshari. Maƙwabcina ya ce, "Ashe kai na! Ni ko na aza injin markaɗe a bayanmu." Kafin in ba shi amsa gurnanin ya tsaya cak, aka ji an yi gyaran murya, sannan wata murya ta fashe, kakkausa, irin wadda ake yi don ta rinjayi ƙarar injuna:

"Ale, ale! Oniba! Kowa ya duba fitilarsa! Oniba!"

Muryata ce. Babu yadda zan yi in musa, don kafin muryar ta kai ƙarshe Dinamit ya zabura daga gefen randa kamar an tsikare shi, ya tsallake tiren shayi, ya nufi ƙofa da gudu, ya miƙe da ƙafafu biyu ya shiga yaƙushin kwano, yana waiwayo na yana kaɗa wutsiya. Da rana tsaka, a gaban shaidu biyu.

Oniba faransanci ne, ma'anarsa mu tafi. Da shi nake kora mutanena a bakin rami kafin mu sauka. Kuma shekaruna na ƙarshe galibi aikin asuba nake yi, ƙarfe uku da rabi nake tashi, in sa takalman aiki, in buɗe ƙofa in ce wa kare oniba. Sai ya raka ni bakin hanya inda motar ma'aikata ke tsayawa, ya yi fitsarinsa, ya zauna har in shiga mota sannan ya koma gida. Abin da yake yi ke nan a bakin kwalta duk waɗannan darare. Ya kawo ni, yana jira mota ta zo, yana mamakin abin da ya hana ta.

Maƙwabcina ya kwanta a kan tabarma yana dariya yana dukan ƙasa. "Mun gane aljanin! Wallahi mun gane shi! Ashe da munka yi hayaƙi, wanda ya kamata ya yi tari shi ya yi!" Abokina Ba'abzine ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ɗaga igiyar ya ce, "Madam ya yi gaskiya. To yanzu wanne zan ɗaure, kare ko mai kare? Amma in kai ne, ba na so, za ka tashi awakina."

Na so ƙasa ta tsage. Matata ta tsayar da bokal ɗin za ta ɗauki wayarta, ni kuwa da taurin kai na ce a'a, a bar shi ya ƙare, ko zan sami wani abu a gaba da zai wanke ni. Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na ce a saka.

Muryar ta dawo, amma yanzu ba ta da ƙarfi. Ƙirga nake yi. Ina kiran mutanena ɗaya bayan ɗaya da sunayen tsokanar da muke kiran juna da su a ƙasa, ina ɗan tsayawa bayan kowane suna kamar mai jiran amsa. Haka dokar aikinmu take, shef ba ya sauka, ba ya kuma hawa, sai ya ƙirga mutanensa sun cika. Na kira, na kira, babu mai amsawa. Sai aka ji na ce, cikin muryar da ban san ina da ita ba, "Ina kuka shiga ne? Ba mu cika ba." Daga nan ƙarar ƙofa ta tsananta, aka ji gado ya yi ƙara, aka ji na farka ina cewa, "Wannan la'anannen kare!"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Maƙwabcina ya tashi zaune ya gyara hula. Abokina ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu, ya zuba shayi ya miƙo mini kofin farko, alhali shi ne baƙo. Na karɓa na kurɓa. Ni kaɗai na san abin da na ji a ƙirjina: kewar mutanen nan ce, da kewar aikin da nake rantsuwa na huta da shi.

Bayan sun tafi na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun makon da aka sallame mu. A gidan kamfani ƙofa a rufe take, klim na ƙara, ita kaɗai ke ji. Da muka fito tsakar gida ne kare ya shiga sahun masu sauraro. Na ce, "To me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Kullum kana gaya wa mutane ka huta, kana dariya. Na ga in na faɗa kamar na tuɓe maka riga ne a kasuwa. Shi kare ba ya jin kunya, sai na bar shi ya ɗauke maka. Na ɗan taɓa maka zancen rannan, ka ce mugunta ce. Amma a kai shi daji saboda abin da bai yi ba, wannan ban iya ba, Malam, ko za ka yi fushi da ni." Ban yi fushi ba. Na dai je wurin mahauci da kaina na zaɓo ƙashi mai ɓargo na ajiye wa Dinamit, na tsuguna nesa kaɗan ina kallonsa yana ci. Ban san yadda ake ba kare haƙuri ba, iyakar abin da na iya ke nan.

Ihun dare bai tsaya a ranar ba. Na ɗaura wa ƙofa tsofaffin buhuna don tsohuwar maƙwabci ta samu barci, na kuma nemo lambobin mutanena na shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya. Na ba su labarin, suka yi mini dariya son ransu. Ɗaya daga Maradi da ya gama dariya ya ce shi ma har yau yakan farka yana laluben fitila a goshinsa. Muka riƙa gaisawa a kai a kai. Sannu a hankali abin ya ragu, har wata safiya matata ta ce mini kwana goma ke nan ban tashi kowa ba.

Abin da na koya shi ne, in wani abu yana damuna a gida, kada in yi saurin ɗora shi a kan wanda ba shi da bakin kare kansa, in fara tambayar wadda take ganina lokacin da ni ba na ganin kaina. Na kuma koyi cewa in kana kewar abu ka ce kana kewarsa, don in ka hana shi fita da rana zai fita da dare, maƙwabta ma su ji. Har yau in na tuna gabana yakan faɗi, domin duk cikin waɗanda nake ba umarni, guda ɗaya ne ya rage yana amsawa in na kira, ko da ƙarfe nawa ne, kuma shi ne na kusa sallama.